Shelar Aikin Hanya da Ruwan Shuka

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Abin da zan ba ku ba a bakin wani na tsince shi ba. Da ƙafata na taka wurin, kuma ruwan da ya sauka ranar ya jiƙa zanen jikina.

A shekarun nan ne da aka ce an haƙo mai a kudu, arziki ya yi ta malalowa har ya iso mana nan. Kuɗin ma sun sauya suna, an bar fam da sule an koma naira da kwabo, tsofaffi suna ta rigima da masu gishiri a kasuwa. Wanda ya bar garinmu da ƙafa sai ka gan shi ya dawo a kan keke, mai keke ya dawo da babur, ga rediyo rataye a kafaɗa tana ta magana ita kaɗai. Ni kuwa ina cikin ƙuruciyata, da goyo a baya da wata mai tatata, a wani ɗan ƙauye gefen Pauwa, ƙasar Ƙanƙara.

Gidanmu gidan gandu ne. Baba, mahaifin maigidana, shi ke da gona, amma ciwon gwiwa ya riga ya zaunar da shi, sai dai ya kishingiɗa a zaure ya nuna aiki da sandarsa. Maigidana shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'yansa, sauran duk mata ne, suna gidajen mazansu. Saboda haka abin da za mu ci shekara yana kan kafaɗar mutum ɗaya. In ya yi shuka rumbu ya cika. In bai yi ba, babu mai yi.

Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai. An gama sharar gona, an kai taki, kowa ya zuba wa gabas ido. Ran kasuwar Ƙanƙara na ba maigidana sautun gishiri da kanwa. Ko la'asar ba ta yi ba sai ga shi ya faɗo gida yana haki, babu gishiri babu kanwa.

"Ke, aje taɓaryar nan ki ji! Baba, ka ji abin da na jiyo yau!"

Ashe wata mota ce ta shigo kasuwa da lasifika a kanta. Ya ɗauki ludayina ya kara a baki, ya tsaya tsakar gida ya kumbura murya yana kwaikwayon mai shelar:

"Jama'a, a saurara! Kamfanin hanya shina neman majiya ƙarfi! Za a fasa hanya daga ƙasar Faskari har ta ɓulle Sabuwa! Akwai takalmi, akwai hular kwano, akwai abincin rana, wanda ya ji ciwo akwai mai magani! Mai so ya tafi sansanin kamfani kusa da Daudawa ya ba da sunansa!"

Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. Yarinyar ta firgita ta ruƙunƙume ƙafata. Ni dai ina hango mijina da takalmi mai igiya, da hular ƙarfe tana walƙiya, ya shigo gari mutane suna ba shi hanya.

Baba ya bari muka gama murnarmu, sannan ya yi gyaran murya daga zaure.

"Kai wannan." Haka yake kiransa, don ɗan fari ne, ba ya kama sunansa. "Na ji takalmi, na ji hula. Nawa za su ba ka?"

Na dubi maigidana. Na ga leɓɓansa suna motsi, yana sake bin shelar a ransa tun daga farkonta har ƙarshe. Babu kuɗi a ciki.

"Ba su hwaɗi ba, Baba."

"Kai ne ba ka ji ba, ko su ne ba su hwaɗi ba?"

"Ina biye da motar har ta fita gari. Ba su hwaɗi ba."

Washegari wanzamin garinmu ya zo yi wa Baba aski. Mutum ne mai baki, ya taɓa ɗan zama a Kaduna, tun daga nan duk abin da ya shafi birni shi ake tambaya. Ina bayan zana ina tsintar wake, kunnena yana zaure.

"Haba Baba, ai wannan a fili take," in ji shi, yana wasa aska. "Ka taɓa jin Bafillace ya tsaya tsakiyar kasuwa ya hwaɗi yawan shanunsa? Ka taɓa jin mace ta ƙirga 'ya'yanta a gaban mutane? Abin da ya yi albarka ba a ƙirga shi a bainar jama'a, baki kama shi yake. Da kuɗin kaɗan ne ai da sun hwaɗa, mi za su ɓoye? Yawa ne ya sa suka yi shiru."

Wallahi maganar nan ta zauna mana daram, domin haka muka tashi muka tarar. Ni kaina in aka ce kajina nawa, sai in ce suna nan dai. Wanda ya yi dawa mai yawa ba ya faɗin damin da ya ɗaure, sai ya ce an samu na tuwo. To kamfani guda, mai motoci da injuna, ya rufe bakinsa a kan kuɗi, mu kuma me za mu ɗauka?

Kafin a yi azahar magana ta gama gari, kuma duk gidan da ta shiga sai ta fito da ƙiba. A bakin rijiya mata suka kashe kuɗin tun ba a gan su ba. Wannan ta sayi jeren langa har rufin ɗaki, waccan ta aurar da ɗiyarta da gadon ƙarfe, wata har ta hau jirgi ta yi Makka ta dawo tana gaishe mu da Larabci, muna ta sheƙa dariya, guga na lilo a hannu. Ni ma ban zauna baya ba. Na rufe ɗakina da kwano, na sa masa taga mai gilashi, na zauna a ciki ina jiran baƙi. Samari suka bar zancen iri da taki. Maigidana in ya kwanta hutun rana sai in ga yana murmushi shi kaɗai.

Baba ne kawai bai motsa ba.

"Ko ƙodago aka kira ka, sai an yi jinga kafin ka sa fartanya ƙasa," in ji shi. "Ni ban taɓa cinikin biri a sama ba. Ka je ka tambayo. In abin da za su ba ka zai ciyar da gidan nan shekara, na sallame ka da albarka. In ba haka ba, ga gona nan."

Sai maigidana ya ɗauki abokansa biyu suka tafi tambaya. Da ya dawo na tare shi da ruwa tun daga ƙofa.

"Malam, kun samo?"

"Ke, kin taɓa ganin katafila kuwa? Wata mota ce mai haƙora, ƙafarta sarƙa..."

"Na ce kun tambaya?"

"Akwai wata kuma da ake kira tifa, ita ke juye kayanta da kanta, ba mai taɓa ta."

"Malam."

Ya sosa ƙeya. Ashe sun isa har gaban heluma, shugaban leburori, sun gaishe shi, ya amsa. Wannan ya zunguri wancan, wancan ya zunguri na ukun, na ukun ya sake gaishe shi. Suka tambayi lafiyar iyalinsa, da gajiya, da zafi, suka yi masa sai an jima.

"Ya za a yi ka je neman arziki wurin mutum ka ce mashi nawa?" in ji shi. "Baƙo shina leƙa tukunya? In ya ce makwaɗaita ne ya ɗauki wasu fa? Ga mutane can jingim suna jira."

Na gane abin da yake nufi, don ni ma da kunyar aka raine ni. Daga ƙarshe ya yanke shawara zai ba da sunansa haka nan, in wata ya ƙare ya ga abin da Allah ya yanka masa. Ni kuwa ina bayansa ɗari bisa ɗari. Baba bai yi faɗa ba, bai kuma yi baki ba. Ya sa aka sauko masa da zangarniyar gero da aka rataye don iri, ya zauna yana murza ta a ƙwarya, da hannuwan da ba za su iya kai ta gona ba.

Ana cikin haka ƙanwata ta haihu a Daudawa, can gidanmu na asali. Maigidana ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, zai raka ni suna, daga nan ya wuce sansani ya shiga layi. Muka bar babbar wurin maƙwabta, na goya ƙaramin, muka hau babbar mota a Ƙanƙara, ina zaune a kan buhun gyaɗa iska tana kaɗa mayafina. Bayan an raɗa suna an ci abinci, na roƙe shi ya je da ni in ga katafilar nan da idona. Ya ce in tsaya wurin masu fura kada in matsa.

Jama'a, gani ya kori ji. Fili ne aka share fetal, ja wur, iyakar ganinka. Injuna suna ruri, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin tafin ƙafata. Akwai wata tsohuwar tsamiya a bakin wurin, tun muna yara ake hana mu wucewa ta ƙarƙashinta da tsakar rana, ba wanda ya taɓa kusantar ta da gatari. A gabana katafila ta sa mata ƙirji, ta ja baya, ta sake turawa, sai ga saiwa a sama. Masu fura suka yi salati, ni na dafe goyona, direban kuwa ko a jikinsa, goro ma yake ci. Na ce a raina, masu wannan ƙarfi ai ba za su yi ƙaramin biya ba.

Layin masu ba da suna ya miƙe har bayan tankin ruwa, maigidana yana can tsakiya. Sai iska ta juya. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya haɗo tun daga ƙasa har sama. Aka yi wata tsawa, ɗigo ya faɗo mini a goshi, sai ƙanshin ƙasa ya tashi, wannan ƙanshin da ba manomin da zai ji shi zuciyarsa ba ta buga ba. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Masu fura suka hau guɗa. Mazan da ke layi, duk manoma ne, suka ɗaga fuskokinsu sama suna dariya suna hamdala, wani tsoho har da rawa.

Muka ruga wata rumfar kwano muka fake, maigidana ya same ni a can, ruwa na zuba daga gemunsa. Ranar na fara jin ruwa a kan kwano, kamar ana kaɗa kalangu ɗari a kaina. A cikin rumfar akwai tsofaffin ma'aikatan kamfani, da hulunansu da takalmansu, irin shigar da nake yi wa mijina mafarki. Sun zauna jugum, kowa ya yi tagumi, wani yana tsaki. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin namiji a ƙasar nan ya ɓata rai don an yi ruwan farko ba. Na raɗa wa maigidana:

"Malam, waɗannan mutuwa aka yi masu?"

Ashe na kusa da mu ya ji. Wani dattijo ne kakkaura, Bamaguje daga wajen Damari, da tsagar gidansu a kumatu.

"Ɗiyata, yini ne ya mutu mana," in ji shi. "Nan da yini ake biya. Ranar da aka yi ruwa ba aiki, ranar da ba aiki ba kuɗi. Gobe ma ƙasa ta jiƙe, injin ba shi fita. In marka ta kama, sai mu yi ta zama muna kallon juna kamar kaji a akurki."

Maigidana ya matsa kusa da shi. "Baba, kai ma manomi ne?"

"Da dai. Bara na ji shela irin wadda ka ji, na bar gonata ciyawa ta ci. Da kaka sai ga ni a kasuwa da ƙwarya ina awon dawa, ni da ubana bai taɓa awo ba har ya koma. Matata har yau in ta so ta ba ni haushi sai ta ce, mai hula, a miƙo mudu."

"To da rani fa?"

"Da rani kam ba ƙarya, akwai daɗi. Kullum aiki, kullum ana lissafa ka."

"Nawa ne yinin?"

Dattijon ya dube shi ya kwashe da dariya. "Kai, Musulmi da kunya! Ni kake iya tambaya? Kowa da abin da aka yanka mashi, nawa daban naka daban. Ga heluma can ƙarshen rumfa, ba ya cizo. In kuma ya cije ka, zo in ba ka magani."

Na dubi maigidana, shi kuma yana duban ruwa. Na san abin da ke ransa, don shi ke raina. Wannan ruwan shuka ne. Wanda bai zuba iri gobe ba, ƙasa tana da laima, sai ya jira wani ruwan, geronsa ya biyo bayan na mutane. In ya koma layi ya ba da suna, gobe nan zai kwana, ƙwaryar Baba kuwa tana can zaure.

Ya gyara hularsa, ya ratsa mutane. Na bi shi da ido kamar ni aka aika. Ya durƙusa ya gaida heluma, na ga ya fara tambayar gajiya, na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Sai na ji ya ɗaga murya don ta fi ƙarar kwano:

"Ranka ya daɗe, mahaifina ne ya ce in tambaya. Nawa ne kuɗin yini?"

Duk waɗanda suka fito daga layi suka miƙa wuya. Heluma ya dube shi sama da ƙasa, ya yi murmushi.

"Mahaifinka ne, ko kai?"

"Mu biyu ne, ranka ya daɗe."

Aka fashe da dariya, har da heluma. Sannan ya faɗa, a fili, kowa ya ji, ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba. Sama ba ta faɗo ba, ba kuma wanda ya kori kowa. Kuɗin sun fi na ƙodago, wannan gaskiya ne. Amma ba su kama ƙafar abin da muka kashe a bakin rijiya ba, kuma in ka cire ranakun ruwa daga damina, abin da ya saura ba zai tsaya a madadin rumbu ba.

"In na zo bayan kaka fa?" in ji maigidana.

"In da wuri, da wuri. Ban yi maka alkawari ba. Hanya dai ba ta isa Sabuwa bana."

Ya miƙe ya zo ya ce, "Gyara goyonki." Ba mu kaɗai ba, mutane da dama suka bar layin nan, kowa yana tunanin gonarsa. Ruwa na tsagaitawa muka sami wani direban tifa da zai bi ta wajenmu, ya ce mu hau baya, in ya juye mu kada mu yi kuka da shi. Muka ɗare kan tsakuwa, mota tana tsalle muna tsalle, maza suna ihu suna yi wa juna tsiya. Abu ɗaya ke cin kowa: shin ruwan nan ya kai garinmu? Duk inda muka wuce sai a leƙa ƙasa. "Nan an yi!" "Nan yayyafi ne kawai!" "Kai rufe mana baki!" Da muka sauka muka kama hanyar ƙafa, maigidana ya durƙusa ya tura yatsa cikin ƙasa, ya shige har gindi. Ya ɗago shi ya nuna mini, ya kwasa da sauri, ina binsa ina dariya, takalmina a hannu.

Ana kiran magariba muka shiga. Baba yana zaure, ƙwaryar iri a gabansa, ga sungumi an jingine a bango.

"Kai wannan. Nawa?"

Ya faɗa masa, da na yini, da zancen ranar ruwa.

"To," in ji Baba. Ya tura ƙwaryar da ƙafa zuwa gabansa. "Ka fara daga wajen fadama."

Gari na wayewa muna gona. Yana gaba yana sara da sungumi, ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige, ɗan yana barci a bayana. Ta ko'ina ka duba mutane ne a duƙe, ana kiran juna daga gona zuwa gona. Wanzami ya biyo ta kan iyaka da zabirarsa, maigidana ya ɗaga murya:

"Sarkin aska, mun ƙirgo shanun Bafillacen naka!"

"Ai ni ban ce nawa ba," in ji shi, bai ko tsaya ba. "Ku ne kuka sa adadi!"

Damina ta yi kyau. Da muka ɗaure gero da dawa aka liƙe rumbu, maigidana ya koma sansani, ya tarar an matsa da sansanin gaba, kuma wuri ya samu, don da yawa sun gudu cikin marka. Ya yi aikin rani, hadari na fara haɗuwa ya karɓi sallama ya dawo gona. Haka ya riƙa yi har hanya ta ƙare.

Baba ya ƙara 'yan shekaru, ya rasu cikin kaka, bayan ya sha furar sabon gero. Wanzami ya koma Funtuwa ya buɗe shagon aski mai madubi, an ce har ya tsufa bai rasa masu sauraro ba. Dattijon Damari sun yi aiki tare da maigidana rani guda, suka ƙulla abota, daga baya ya koma gonarsa, ɗansa kuma ya zama direba. Heluma ya bi kamfani zuwa wata ƙasar, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Maigidana ya sayi shanun huɗa, ya aurar da 'ya'yansa duka, ya riga ni tafiya, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ni kuwa ga ni nan a gidan ɗan da na goya ranar, ido ya yi rauni, ina tsare masu jikoki in sun tafi gona.